Shekara uku ina zana masa bango, yanzu yana son in miƙa masa fayilolin duka

Anti, barka da ƙoƙari. Ni mai zane ce a kwamfuta, gashin kaina nake ci, ba na ƙarƙashin kowane kamfani. Aikina zana bango da hotunan ciki na littattafan almara, su dodanni da mayaƙa da biranen da babu su a duniya. Shekara 3 ke nan ina yi wa wani marubuci aiki, shi yake buga littattafansa da kansa. Na zana masa bango 3 da hotunan ciki 24 da taswirar duniyar labarin. Ba mu taɓa rubuta yarjejeniya ba, komai a saƙon waya muke gamawa, don mun saba har mun zama kamar 'yan'uwa. Gyara kuwa ba shi da iyaka, fiffiken dodon littafi na biyu sau 11 na sake shi. Watan jiya kawai na ga ya buɗe neman tallafi a Kickstarter, shafin intanet da ake tara kuɗin aiki daga jama'a, yana alƙawarin fosta da riguna da katuna masu hotunana, bai faɗa min ba, sunana ma babu. Cikon kuɗin bango na uku har yau bai ba ni ba. Yanzu ya ce in turo masa asalin fayilolin duka, masu leya-leya, wato kowane ɓangaren hoto a shimfiɗarsa daban, wai don ajiya. Zuciyata tana ba ni so yake ya ɗura su a ƙirƙirarriyar basira ya yi bango na huɗu ba da ni ba. Rabin abin da nake samu daga wurinsa yake fitowa. Ina jin nauyin yi masa magana, kuma ina tsoron in rasa shi. Ya zan yi?

Ƙanwata, kada ki tura fayilolin nan tukuna. Na fara da wannan ne don na san halinku masu kunya. Kafin ki kai ƙarshen amsar nan wani saƙo mai daɗi zai shigo daga wurinsa, har da tambayar ya jikin gida, ki ji nauyi ya kama ki, ki danna turawa. Abin da ya bar kwamfutarki kuwa ba ya dawowa.

To, mu duba abin da kika sayar masa tun farko, don a nan ku biyun kuka saɓa ba ku ankara ba. Shi a ransa ya biya kuɗi, hoto ya zama nasa, kamar wanda ya sayi kujera, in ya ga dama ya zauna, in ya ga dama ya sayar. Ke kuma a ranki bangon littafi kika yi masa. Doka a yawancin ƙasashe ta fi karkata ga abin da ke ranki. Yarjejeniyar Berne, wadda aka ƙulla tun 1886 kuma ƙasashe fiye da 180 suke cikinta yau, ta tsayar da cewa haƙƙin mallaka yana hawa kan aiki ba sai an yi masa rajista ba. Ranar da kika ajiye alƙalamin allonki, zanen naki ne, kuma biyan ladan aiki kaɗai ba ya ɗauke wannan haƙƙi. Dokar Amurka ta 1976 ta ce ba a miƙa haƙƙin mallaka sai da rubutu mai sa hannun mai shi. Ta Birtaniya ta 1988 ma haka ta ce. Jamus ta wuce nan, a can mai zane ba ya iya sayar da haƙƙin kansa sam, izinin amfani kawai yake bayarwa. Tunda ke ba ma'aikaciyarsa ba ce mai karɓar albashi, kuma ba ki sa hannu a komai ba, abin da ke hannunsa izini ne na ya sa hoton a littafin da aka zana shi dominsa, ya kuma tallata littafin da shi. Riga da fosta da kati wani ciniki ne daban, kuma ba a yi shi ba.

Sai dai kafin ki ɗaga murya, ki zauna daren nan ki karanta saƙonninku tun daga na farko. Ki nemo inda kuka yanka farashi, da abin da ya ce zai yi da hotunan, da ranar da ya ce zai cika miki kuɗi. Ki duba kuma ko wata rana cikin farin ciki kin taɓa rubuta masa "ai naka ne, yi yadda kake so". Saƙon waya da imel suna iya zama hujja, a gare ki ko a kanki. Ki kwafe hirar duka ki ajiye a wuri biyu, ki ɗauki hoton shafin Kickstarter ɗin kamar yadda yake yau, da kwanan wata a jiki.

Akwai kuma abin da ba za ki so ji ba. Jarumar da kika zana, da tabon da ke kuncinta, da sunanta, da dodon nan mai fiffike, daga labarinsa suka fito. Zanen naki ne, amma halittun nasa ne. Kamar yadda ba shi da hurumin buga rigar ba da izininki ba, ke ma ba za ki buga fostar jarumarsa ki sayar ba da izininsa ba. Kowannenku yana riƙe da rabin mabuɗi. Wannan ba abin baƙin ciki ba ne, shi ne ma zai sa ya zauna ya saurare ki, don kuɗin da ke cikin rigunan nan ba mai cin sa shi kaɗai lafiya.

Ban yarda da saurin ɗaukarsa macuci ba. Marubuta da yawa masu buga littafinsu da kansu ba su taɓa jin cewa hoto yana da haƙƙi daban da kuɗin aikinsa ba, kuma ke ba ki taɓa faɗa masa ba. Shekara 3 kina koya masa cewa duk abin da ya nema zai samu. Sau 11 kika sake fiffike, kin taɓa ce masa na huɗun da kuɗinsa? Ni ma na taɓa yi wa wani kamfanin buga littattafai aikin gyaran rubutu a kan maganar baka, don mai kamfanin mutumin kirki ne, muna dariya tare. Da lokacin biya ya zo, abin da ya tuna daban, abin da na tuna daban, kuma har yau ban ce ƙarya ya yi ba. Mutum yana tuna abin da ya yi masa daɗi ne. Amma dai bashin da bai biya ba da sunan da ya cire, waɗannan ba sa buƙatar sanin doka. Kowa ya san idan ka ci bashi ka biya, kuma wanda ya san sau nawa aka sake fiffike ya san hannun da ya sake shi.

Maganar suna, ki sani dokokin ƙasashe ba su daidaita a kanta ba. Faransa tana ɗaukar haƙƙin a ambaci mai aiki abu ne da ba ya saiduwa kuma ba ya ƙarewa. A Birtaniya sai mai zane ya nema a rubuce kafin ya hau kan wani. A Amurka kariyar 'yar kaɗan ce, ba ta kai ga hoton da aka buga a littafi ba. Shi ya sa masu wannan sana'a suke rubuta shi ɓaro-ɓaro a yarjejeniya, har da wurin da sunan zai fito, a shafin haƙƙin mallaka da bayan bango da duk inda aka tallata hoton.

Yanzu batun da ya hana ki barci. Zargin ƙirƙirarriyar basira ki riƙe shi a cikinki tukuna, ba ki da hujja, kuma in kika buɗe magana da shi, duk hirar za ta koma rantse-rantse, bashi ya bi ruwa. Tsoronki ba na banza ba ne. Tun da Midjourney da Stable Diffusion, manhajojin da ke ƙirƙirar hoto daga rubutu, suka fito wa jama'a a 2022, masu zanen almara suna cikin waɗanda abin ya fi taɓawa, don irin hotunanku ne mutane suka fi roƙon na'urar ta yi musu. A watan Disamba na shekarar masu zane suka cika shafin ArtStation, inda suke baje aikinsu, da hotunan ƙin amincewa, a Janairun 2023 kuma mata uku masu zane, Sarah Andersen da Kelly McKernan da Karla Ortiz, suka kai kamfanonin kotu a Amurka. Amma ga gaskiyar da ya kamata ki sani. In koya wa na'ura salonki yake so ya yi, ba ya buƙatar leya ko ɗaya. Hotuna 27 da kika riga kika ba shi sun isa. Hana shi fayil ba zai toshe wannan ƙofa ba. Manhajar Glaze da masana a Jami'ar Chicago suka fitar a 2023 don rikita na'ura tana da amfani ga hotunan da za ki ɗora a intanet nan gaba, amma ba ta komawa ta rufe abin da ya riga ya fita. Salo kuma, wato yadda kike zuba haske da irin launukan da kike so, doka ba ta killace wa kowa shi ba. Abu ɗaya ne yake ɗaure shi, alƙawari a rubuce cewa ba zai sa aikinki a cikin na'ura ba, kuma ba zai ba wani ya sa ba.

To me fayil mai leya yake ba shi? Yana ba shi ɗakin aikinki ne a buɗe. Jaruma a leyarta, takobi a tasa, hazo daban, birni daban, dodo daban. Duk wanda ya iya manhajar zane irin Photoshop ko Krita kaɗan zai ɗauke jarumar daga bango na ɗaya, ya dasa ta a gaban birnin bango na uku, ya sauya launin sama, bango na huɗu ya fito cikin yini ɗaya ba tare da an kira ki ba. Wannan ne haɗarin da ya fi kusa da ke, kuma shi ya sa a wannan sana'a asalin fayil ba ya cikin kuɗin bango, in za a bayar kuɗinsa daban ne kuma mai nauyi. Yana iya yiwuwa kuma buƙatarsa ta gaskiya ce, bai san yadda zai faɗa ba ne. Bangon littafin saurare murabba'i ne, dole a sake jera hoton. Bugu mai kauri yana da kunnuwan riga da ake naɗewa ciki, hoton yana buƙatar ƙarin faɗi. In yawan shafuka ya canza, kaurin doron littafi ya canza, sai an matsar da komai. Maɗaba'a kuma tana son fayil mai ɗigo 300 a kowane inci, a tsarin launin bugawa na CMYK, da rarar kusan milimita 3 a kowane gefe don yanka. Duk waɗannan aikinki ne, ke za ki yi su a biya ki. Saboda haka ki tambaye shi kai tsaye me zai yi da fayil ɗin. In jarumar kaɗai yake so don talla, ki cire ta a kan farfajiya mara launi, ki haɗe leyoyinta su zama ɗaya, ki ba shi da farashinta.

In kuma maganar na'ura ta taso daga bakinsa, kina da abin faɗa wanda ya shafi aljihunsa, ba tausayinki ba. Ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana tun 2023 cewa hoton da na'ura ta samar ba tare da hannun mutum ba ba ya samun kariya, kuma a Maris na 2025 kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta tabbatar da cewa sai mutum ne yake zama mai aiki a idon doka. Wato bangon da ya matso daga na'ura, wani zai iya ɗauka ya manna a nasa littafin. Amazon KDP, sashen Amazon na masu buga littafinsu da kansu, tun Satumbar 2023 yake neman marubuci ya faɗa in hotunansa na na'ura ne, Kickstarter ma ya sa irin wannan sharaɗi a shekarar. Masu karatun almara kuwa suna da ido, suna ƙirga yatsun jarumi, kuma ba sa yin shiru.

Ga irin saƙon da nake so ki tura, da imel, ba a cikin hirarku ta barkwanci ba:

"Malam, barka da aiki, na ga an buɗe neman tallafi, Allah ya sa a dace. Akwai abubuwa uku da nake so mu daidaita kafin mu shiga littafi na huɗu. Cikon kuɗin bango na uku, ga takardar neman biya na haɗo, ina so ya shigo kafin ƙarshen watan nan. Fosta da riguna da katuna ba sa cikin abin da muka yi ciniki a kai, ina murna da su, amma sai mun yi magana kan kasona da kuma sa sunana a shafin. Asalin fayiloli ba na bayarwa, amma ka faɗa min abin da kake buƙata, in shirya maka shi. Zan turo gajeriyar yarjejeniya don kowa ya san inda ya tsaya."

Ki lura babu ban-haƙuri a ciki, babu kuma tone-tone. Kada ki ƙara "in ba damuwa", kada ki ƙara labarin kuɗin haya da ya taso miki. Wanda yake neman haƙƙinsa ba sai ya nuna yana cikin matsi ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma yadda ya karɓi saƙon nan zai nuna miki ko zumuncin da kike tattali na ku biyu ne ko naki ke kaɗai.

Yarjejeniyar ba sai ta cika shafuka ba. Abin da ya fi muhimmanci a cikinta shi ne iyakar izini, wato a ina zai yi amfani da hoton, a wane irin bugu, a waɗanne ƙasashe ko harsuna, na tsawon shekara nawa. In wani kamfani ya sayi fassarar littafin yana son bangon, wannan sabon izini ne da sabon kuɗi. Kayan sayarwa ko dai ya biya ki dunƙule na adadi sananne, ko ki karɓi kaso a kan kowane ɗaya da aka sayar. Da mutumin da cikon kuɗi yake yi wa wuya, ni dunƙulen zan zaɓa, don kaso yana buƙatar ki yarda da lissafin da ba kya gani. Sai kafin alƙalami, rabi ko sulusi, kafin ki ja layi ɗaya. Sai kuɗin fasa aiki, in ya janye bayan kin yi nisa. Babban fayil na bugawa kuma ba ya fita sai kuɗi sun cika, kafin nan ƙaramin hoto mai hatiminki a kai yake gani. Da kin yi haka a bango na uku, da yanzu ba ki bin kowa bashi.

Gyara kuwa ki ɗaure shi da matakan aikin. Kin fi ni sanin yadda bango yake tasowa, daga 'yan ƙananan zane na gwaji inda ake zaɓen tsari, zuwa zanen layi, zuwa gwajin launi, sannan gamawa. A matakin farko sauya fiffike aikin minti goma ne. Bayan kin zana ɓawon fata ɗaya bayan ɗaya, kin sa hasken wuta yana ratsa fatar fiffiken, kin daidaita inuwarsa a kan rufin birni, sauya shi aikin kwana biyu ne, kuma marubuci ba ya ganin wannan bambanci sai an nuna masa. Ki rubuta cewa gyara biyu ne a kowane mataki, duk matakin da ya amince da shi an rufe shi, komawa baya kuma ana biyan sa da awa. Za ki sha mamakin yadda mutum yake gane fiffiken da yake so tun a karo na biyu in na ukun da kuɗi. Ki kuma nemi ya turo miki siffar kowane jarumi a rubuce tun farko, tabon a kuncin dama yake ko hagu, don kada sai kin gama ya tuna abin da ya rubuta a babi na tara.

Wataƙila ya ce to ki sayar masa da haƙƙin duka ya huta. Ba haramun ba ne, ana yi, manyan kamfanonin wasanni ma yawanci haka suke saye. Amma ki san abin da kike sayarwa. A 1938 Jerry Siegel da Joe Shuster suka miƙa haƙƙin Superman a kan dala 130, suka kwashe shekaru suna shari'a a kansa. Ba na cewa dodonki zai kai can, yawanci ba sa kaiwa. Ina cewa ne ba wanda ya san littafin da zai tashi, kuma shi da ya buɗe neman tallafi da hotunanki a gaba ya riga ya nuna miki darajarsu a wurinsa. In za ki sayar, farashin ya ninka na izini sosai, ki riƙe damar nuna aikin a kundinki, kuma sharaɗin na'ura ya zauna ko an sayar. Ki kula da duk takardar da ta kira aikinki aikin haya, don a dokar Amurka wannan lafazi yana iya mayar da wanda ya biya shi ne mai zanen tun asali. Kafin ki sa hannu a irin wannan ki nuna wa lauya ko ƙungiyar masu zane. Association of Illustrators a Birtaniya da Graphic Artists Guild a Amurka duk suna da samfurin yarjejeniya da bayanin farashi, ki duba su ko don ki ga yadda ake jera magana.

Rabin abincinki a hannun mutum ɗaya, wannan ne ya ɗaure miki baki, ba kunya kaɗai ba. Ba zan ce ki rabu da shi ba. Zan ce cikin satin nan, tun kafin amsarsa ta zo, ki zaɓi hotuna 10 mafi kyau, ki gyara kundinki, ki rubuta wa masu kula da zane a kamfanonin buga littattafai da na wasannin kati da na allo, su ma dodanni suke nema kullum. Bango 3 da aka buga a jere ɗaya shaida ce babba, tana nuna kina iya riƙe fuskar jaruma ɗaya shekara 3 ba ta canza ba, kuma ba kowa ke iya wannan ba. Ki ƙirga awannin da kika zuba a littafi na biyu har da fiffike 11, ki raba kuɗin da ya ba ki a kansu. Ina zargin za ki tarar wannan babban mai ba ki aiki shi ne mafi arha a cikinsu.

In ya yi shiru, ki sake tunatar da shi sau ɗaya bayan sati, da rana tsayayya. In ya ce ba ki da komai a ciki, Kickstarter yana da hanyar kai ƙarar keta haƙƙin mallaka, kuma ƙara irin wannan tana iya sa a ɓoye shafin neman tallafin. Wannan makami ne mai nauyi, yana kashe zumunci nan take, kuma yana buƙatar ki tabbata da abin da saƙonninku suka ƙunsa, shi ya sa na ce ki fara da karanta su. Ki faɗa masa a asirce cewa kin san da hanyar kafin ki bi ta. Tona shi a shafukan zumunta kuwa ki bar shi, masu ba da aikin da kike shirin rubuta wa suna karantawa. Littafi na huɗu dai kada ki zana masa ko ƙaho ɗaya sai cikon na uku ya shigo kuma takardar ta dawo da sa hannunsa.